Mutanen Ƙarfen Usta Mati

“Ajiye filayar nan, Yaya. Tawa ce, kuma ban mutu ba tukuna.”

Audi na bakin ƙofa da jabana, 'yar butar kofi, a kan tire ya ji wannan magana. Ya yi sallama ya shiga. Maƙwabcinsa Usta Mati makanike na kwance a kan angarib, gadon nan na igiya, ƙafafunsa sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Yayarsa Dije kuwa na tsaye gaban kantar katakon da ke jikin bango, filaya a hannun dama, ɗaya daga cikin mutanen ƙarfen nan a hannun hagu. Har ta ɗora masa bakin filayar a wuya.

“Gara da ka zo, Audi,” in ji ta. “Kai ka hwaɗa mashi. Ni tun muna yara ba ya jin tawa.”

Su shida ne a kan kantar, kowanne bai fi tafin hannu da rabi ba. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai mai ƙaho biyu kamar bijimi, duk sun dunƙule hannu sun zuba wa ɗakin ido. Shekara talatin Mati ya yi yana gyaran injin ban ruwa da tarakta a kasuwar garin Hajj Abdalla, ba a san shi da wasa ba. Sai shekarar da ya je aikin hajji ya sauka wurin 'yarsa Hadizatu da ke aure a Jidda. A can ne wani mai kanti ya ɗauki mutumin ƙarfe a gabansa, ya lanƙwasa nan, ya tura can, sai ga jirgin sama. Mati ya tsaya a kantin har aka kira salla. Aka ce masa daga Japan ake kawo su, na cikin finafinan zanen da yara ke kallo a talabijin ne. Alhazai suka dawo da darduma da agogo, shi ya dawo da darduma da mutum. Tun daga nan duk wanda zai hau jirgin ruwa zuwa gida, sai Hadizatu ta ba shi kwali ya kawo wa babanta. Garin ya yi dariya ya gaji. Mati dai bai taɓa barin kowa ya taɓa su ba.

Jiya hakim, likitan asibitin ƙauye, ya duba shi, ya ja Dije waje ya ce zuciya ta gaji, a sanar da dangi. Yau da safe Malam Abdussalami, limamin gari, ya zo gaisuwa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi kantar, ya ga bangon nan ne na alƙibla, can za a juya fuskar mara lafiya idan lokaci ya yi. Ya ce da Dije a hankali, mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi. Ko a fitar da su, ko a cire musu kai, don abin da ba shi da kai ba sura ba ne. Bayan la'asar zai dawo da jama'a su karanta Yasin.

“To ai da sauƙi,” in ji Audi, ya ajiye tiren. “In kwashe su in kai ɗakina.”

“Tun safe nika hwaɗin haka,” in ji Dije.

Mati ya juyo da kai da ƙyar. “Ɗiyata ba ta isowa, Audi. Ko yau ta hau jirgi, sai an yi sadakar uku. Waɗanga da hannunta ta naɗe su. In kun fitar da su, mi zan duba? Bango?”

“Ni kuma in bar ka ka tahi babu mala'ika a kanka?” in ji Dije. “Uwarmu ta bar mani kai kana rarrafe. Mi zan ce mata?”

Audi ya zuba kofi a finjali uku, ba wanda ya ɗauka.

“Malam cewa ya yi kada a ga kai,” in ji Mati can. “Bai ce a karya ba. Kowane ɗayansu ya san inda yake ɓoye kansa.” Ya ɗaga yatsunsa da suka yi suntum, ya dube su, ya mayar. Sannan ya dubi hannuwan Audi, ya yi wata ajiyar zuciya. “Allah bai bar mani kowa ba sai kai. Mutumin da ya karya mani sifana lamba sha bakwai.”

“Sifanar ce ruɓaɓɓiya.”

“Ta Ingila ce, manomi.”

Dije ta dube su duka biyun. Ta mayar da mutumin ƙarfen kan kanta, ta ɗaure filayar a gefen tobinta, mayafin da ta naɗa. “Na ba ku zuwa la'asar. In na shigo na ga kai ko guda, halas, shi ke nan, ba na sake tambayar kowa.”

Audi ya wanke hannu har sau biyu kafin Mati ya yarda. Hannuwa ne da suka shekara arba'in suna fasa bakin ruwa a hawasha, gonar ban ruwa, da tuge karan auduga, fatar yatsun ta yi kauri har ba ya jin ƙaya. Da ya ɗauki na farko, ja mai fukafukai a baya, sai ya ji ya fi yadda ya zata nauyi, da sanyi kamar ƙwai.

“Haɗe ƙafafun. A'a, ba ɗaure akuya kake ba. A hankali. Yanzu tura hannuwan baya. Ka ji ya ce ƙas?”

“Na ji.”

“To danna kan.”

Kan ya shige cikin kafaɗu, hancin jirgi ya rufo a kansa. Audi ya juya abin a hannu, yana neman inda mutumin ya tafi. Dariya ta kuɓuce masa.

“Shekara huɗu kana ce mani yaro,” in ji Mati. “Ga ka nan da furfura.”

Na biyu ya zama tankar yaƙi. Na uku ya rabu gida uku, kowane kashi da tayoyinsa. A na huɗu ne kafaɗa ta ƙi motsi, Audi ya sa ƙarfi kaɗan, irin kaɗan ɗin manomi, sai wani ɗan tsinken roba ya ɓalle ya faɗa cikin finjali. Ya daskare.

Mati ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba.

“Na yafe,” ya ce. “Amma ka ji ni da kyau. Inji ba ya gardama. In ya ƙi, akwai ƙofar da ba ka buɗe ba. Koma baya ka neme ta.”

Suka gama na huɗu, suka yi azahar, Audi a kan tabarma, Mati da ido. A na biyar maganar Mati ta fara nauyi, kalma ɗaya sai ya huta, har sai da Audi ya kai kunne kusa da bakinsa. Da aka ajiye na biyar a kan kanta, leɓunan na motsi amma sauti ba ya fita.

Saura babban, shuɗi da ja, wanda ya iso watan jiya. A jikin kwalinsa an zana shi ya zama lori mai dogon baya. Akwai takarda a ciki cike da rubutun Japan, Audi ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya mayar. Ya fara yadda ya koya. Ya naɗe ƙafafu, tayoyi suka fito. Ya tura hannuwa, suka kwanta a gefe. Ga lori sosai, har da fitilu. Amma kan na nan tsaye a bisa, kamar fasinjan da ya hau kan kaya. Ya danna, ya ƙi. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama. Ya ji yatsunsa na son su yi abin da suka saba, sai ya ajiye abin a cinya ya goge gumi.

Ladan ya kira la'asar.

Dije ta shigo. Ta dubi kantar, ta dubi cinyar Audi, ta fara kwance gefen tobinta. Ba fushi a fuskarta, hawaye ne kawai.

“Yaya Dije, ki ba ni kaɗan.”

“Na ba ka yini guda, Audi. Dube shi. Ba shi da kaɗan.”

Suka dubi Mati. Idonsa a buɗe, yana kan lorin. Hannunsa na dama ya hau ƙirjinsa, yana bugawa da yatsa biyu.

“Ƙirjin ne,” in ji Dije, ta saki filayar a kan tabarma ta durƙusa. “Sannu, ƙanena. Sannu. Bari in ɗaga ka.”

Mati ya kawar da kai daga gare ta. Ya sake buga ƙirjin sau biyu, sannan ya ware yatsun, ɗaya nan ɗaya can, kamar mai buɗe taga. Audi ya yi shekara talatin yana riƙe wa mutumin nan fitila da ƙusa a bakin tur'a, magudanar ban ruwa, inda ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Ya san hannun nan idan yana ba da umarni.

“Ba ciwo yake hwaɗi ba,” ya ce.

Ya juya lorin. Ƙirjin mutumin yanzu yana ƙasa, hannuwan da ya naɗe sun danne shi. Da shi ya kamata a fara. Sai an warware komai, an mai da shi mutum, sannan a sake.

A tsakar gida aka ji sallama da ƙarar takalma. Audi ya fito da hannuwan, ya miƙe ƙafafun, tayoyi suka koma ciki. Lokacin da Malam Abdussalami ya ɗaga labule, abin da ya gani shi ne dattijo mai furfura zaune a ƙasa da cikakken mutum-mutumi a hannu.

Dije ta buɗe baki. Malam ya ɗaga mata hannu. Ya dubi kantar, ya dubi mara lafiya, ya dubi inda idon mara lafiyan yake. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya tare wa na bayansa hanya.

“Ƙarasa, Audi,” ya ce. “Muna nan.”

Audi ya sa farce a tsakiyar ƙirjin. Farcen ya yi kauri, ya ƙi shiga. Dije ta zare allurar da ke maƙale a tobinta ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya zura bakinta a tsagar, ƙirjin ya buɗe gida biyu. Ya taɓa kan da ɗan yatsa kawai, sai ya sunkuya da kansa ya shige. Ya rufe. Ƙafafu, tayoyi, hannuwa. Ƙas.

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya ajiye lorin a tsakiyar kanta.

Malam ya shigo, ya tsaya gaban kantar ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, hannuwansa a baya.

“Usta,” ya ce, “ni dai tasha na gani a nan. Ko direba babu.”

Gefen bakin Mati ya motsa.

Suka kama angarib ɗin su huɗu suka gyara shi, suka kwantar da shi a kan damansa, fuska ga alƙibla. Malam ya zauna wajen kansa ya fara karatu, jama'a suka ɗauka. Dije na riƙe da ƙafafunsa, Audi na riƙe da hannun. Idon Mati na kan bango har aka kai tsakiyar sura, sannan ya lumshe. Malam ya sunkuya yana maimaita kalmar shahada a kunnensa, leɓunan suka bi shi sau ɗaya. Rana ba ta kai ga faɗuwa ba hannun ya saki.

Washegari da hantsi aka kai shi maƙabarta, a kan angarib ɗin nasa, aka bi ta gefen tur'a inda masu tsinkar auduga suka ajiye buhunansu suka shiga sahu. Bayan an dawo, maza suka zauna a rumfa, Audi da wani suka mayar da gadon ɗaki. Ɗayan ya fita. Audi ya juya zai bi shi, sai ya ga Dije tsaye a gaban kantar.

“Mutumin yana nan cikin lorin?” ta ce, ba ta waiwayo ba.

“Yana ciki.”

“Ba abin da ya same shi?”

“Ko ƙwarzane.”

Ta juyo ta dube shi. “In Hadizatu ta iso, ka fito mata da shi ta gani. A ɗakinka, ba nan ba.”

“To, Yaya.”

Ta kama gefen tobinta ta share ƙurar da ke kan gilashin lorin. Sannan ta sa ɗan yatsa a bayansa ta tura kaɗan. Ya gangara a kan katakon, shiru, ya je ya tsaya a gefen jirgin.