Yawun Kaska

Kaska ce ta kashe ƙanena Safiyanu, kuma duk wanda ya ce mini zafin rana ne sai mun ɓata. A 2006 abin ya faru. Shi yana kiwon raƙuma a wata gona a bayan garin Dubai, ni kuma ina ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar, a shagon Alhaji Souleymane, babbanmu 'yan Nijar, wanda ya ba ni kusurwa nake tara atamfa da turare kafin kwantena ta tashi.

Kaskar ta daɗe a bayan kunnen yaron bai ji ba. Da abokin aikinsa Mato ya gan ta, sai ya yi abin da muke yi tun a gida, ya ƙyasta ashana ya ɗana mata don ta saki. Ta saki kuwa. Ba a jima ba jikinsa ya ɗau zafi, jini ya riƙa fita ta hanci da dasashi. Muka binne shi a ƙasar da ba tamu ba.

A asibiti na haɗu da wata likita 'yar Sudan mai bincike kan kaska. Ita ce ta zaunar da ni ta ce kaska ba cizo kawai take yi ba, tofi take yi. Yawunta yana kashe zafin wurin, ya hana jini daskarewa, ya sa masu tsaron jiki su yi sanyi, sai cuta ta bi ta wuce salin alin. Ta ce sauro ma haka yake. In kuma aka ƙona kaska ko aka matse ta, tana iya ƙara amayo abin da ke cikinta. Su masu binciken, abin da suke nema shi ne rigakafin yawun kansa, yadda jiki zai gane shi nan take. Don haka suna son jinin mutanen da kaska ta saba cizo, waɗanda da ta kama su sai wurin ya hau ƙaiƙayi.

Na ce to ai ni ce. A Tanut na tashi cikin awaki, kaska ba ta zama a jikina ban sani ba. Safiyanu kuwa tun yana ƙarami aka kai shi lakkol, wato makarantar boko, a Yamai, fatarsa ba ta san komai ba sai sabulu.

Maganar ta isa kunnen Alhaji kafin in isa shago. Ba mugu ba ne, rabin mutanenmu da ke unguwar Al Ras tuwonsa suka fara ci a garin nan. Amma tsoro ya yi masa yawa, kuma ba shi kaɗai ba. A wurinmu, ɗibar jini a Dubai abu ɗaya take nufi: gwajin biza. In an ga wani abu, sai jirgi. Saboda haka mutum zai yarda ya kwanta da zazzaɓi ya sha sassaƙe da ya miƙa hannu ga allura. Bayan sallar Juma'a Alhaji ya kira ni gaban mutane, ya ce in na je za a ce 'yan Nijar ne ke kawo cuta, a kwashe mu duka.

"Ɗiyata, wanda ya tafi ya tafi. Khalas, shi ke nan. In kin ba su jini, ki nemi wani wurin ajiye kaya."

"Alhaji, cutar nan a nan ya same ta, ba daga gida ya zo da ita ba. Zan je."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga mazan da suka ɗauki gawar ƙanena sun sunkuyar da kai kamar ba su san shi ba. Tsoro ni ma ina ji, ban da wani wurin ajiye kaya, kuma ba kwantena ba sana'a. Duk da haka washegari na tafi.

Likitar ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce jinina ba ruwansa da biza, amma rigakafin zai iya ɗaukar shekaru, wataƙila ma ba za a dace ba. Na ce ta ɗiba. Da zan fito ta ba ni matsefata da ƙaramar kwalba, ta nuna mini yadda ake kama kaska daf da fata a ja a hankali, ba murɗawa, ba wuta.

Na dawo na tarar da ƙunshin kayana a waje cikin rana. Na zauna a kansu daidai ƙofar shagon, na naɗe hannun riga don kowa ya ga audugar da aka manna mini. Masu wucewa suna kallo, ni ma ina kallonsu. Alhaji yana ciki yana jan carbi, ya ƙi ɗago kai.

Da la'asar sai ga Mato. Tun ranar jana'iza yake kauce mini, in ya hango ni ya canja layi. Ya tsaya a gabana ya rame, ya ajiye kwalin ashana a kan ƙunshi.

"Yaya Nafi, ban ƙyasta ba. Tun safe nake ɗauke da kaska a jikina. An ce an koya miki."

Na ce ya durƙusa. Na ciro matsefata, ya juya kai. Da na duba, a bayan kunne take, daidai inda ta kama Safiyanu. Na dake na kama ta daf da fata, na ja a hankali ta fito gaba ɗaya har da kanta, na jefa a kwalba tana motsi.

Mato ya shafa wurin, ya tambaye ni ko likitar za ta karɓi nasa jinin. Na ce ya ɗauki babban ƙunshin, gobe da safe zan raka shi. Ashanar kuwa na shiga har cikin shago na ajiye wa Alhaji ita a kan tebur, sannan muka tafi.