Inna Marka a Bakin Igiya

Jiya da dare wani mafarki ya sauke ni a wurin aikina, bakin iyaka, da rana tsaka. Ina sanye da kakina, amma kujerar shugabanmu ƙadangare ne a kanta, mai jan kai, da igiya uku a kafaɗa.

"Sabi'u, doka ta canza," in ji shi. "Daga yau kowane baƙo sai ya nuna hoton da za a ɗauke shi gobe."

Na ƙame na sara masa.

Layin matafiya ya kai kasuwar tsallake. Duk wanda ya matso taku ɗaya sai ya tsinci kansa a ƙarshe. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, baƙi kaɗai yake jiƙawa. Wani mai albasa aka tsare inuwarsa don bincike, ya zauna jiranta.

Sai ga Inna Marka a gaban teburina. Ƙanwar mahaifiyata ce, a ƙauyen tsallake take aure. Ita ta goye ni shekara uku bayan an binne uwata. Yanar ido ta rufe mata gani, asibitin ɓangarenmu za ta a kankare mata.

"Ɗan nan, muryarka na ji," ta ce. "Ɗaga mini igiyar nan in wuce, likita ya ce yau."

"Hajiya, takardunki."

"Yau kuma ni ce Hajiya?"

Ta kwance bakin zane ta miƙo kati. Na duba, hoton da ke jiki ya juya mini baya. Na juya katin, ya sake juyawa.

Ƙadangare ya hau teburin yana gyaɗa kai. A wurinsa gyaɗa kai a'a ne.

"Wa kika sani a ƙasar nan?" ya tambaye ta.

Ta nuna ni da sandarta, ba ta kuskure ba.

"Kai, ka san ta?"

Na waiga. A bayana ƙarti sun yi layi tsirara, kowa na jiran kakina ya faɗi ya ɗauka. Na tuna 'ya'yana huɗu.

"Ranka ya daɗe, ban san ta ba."

Hatimi ya yi tsalle da kansa ya faɗa mata a goshi. Ba ta goge ba. Ta laluba ta kama hannuna, ta matsa tsintsiyarsa.

"Ka rame," ta ce. "Ba sa ba ka abinci a nan?"

Ta juya. Wasu awaki biyu suka bi ta a baya suna naɗe hanyar kamar tabarma. Na buɗe baki in kira ta, tawada ce kawai ta zubo.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta tashe ni. Matata na tsaye a ƙofa da bokiti.

"Kakin nan in jiƙa shi, ko za ka sa?"

"Zan sa," na ce.