Kiran da Ya Toshe Layi na Tara

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu jikina bai gama sakewa ba. Na gan ni a wurin aiki da rana tsaka, a ɗakin na'urar da ke haɗa kiran wayar garinmu. Sai dai na'urar ta yi tsawo har ta huda rufi, jajayen fitilunta na ɗiga suna yin sama. Wata zabuwa ce zaune a kujerar manaja, da tabarau.

"Injiniya Lawandi, ka makara tun jibi," in ji ta. "Kira ya rikice. Leƙa taga."

Na leƙa. Gari ya taru kaf. Wani magidanci, Malam Tasi'u, ya ɗaga wayarsa yana ihu, wai matarsa na kan gwiwa, sau goma yana kiran ungozoma, mahauci ke ɗauka yana tambayar tsoka ko ƙashi.

Na yi abin da na saba. Na auna batir, lafiya lau. Na zare katin layi na farko na mayar, ya yi atishawa ya ce an gode. Sai na nemi rahoton da na'urar ke rubuta wa kanta, na duk abin da ya same ta da lokacinsa. Ya fito daga ƙarƙashin tebur, dogo kamar rawani, da ɗuminsa.

"Goma da minti shida: kiran Gumel ya tsaya shan ruwa a hanya. Goma da minti biyar: layi na uku ya ƙi gaisawa da na huɗu."

A aikinmu kuskuren farko ake nema, sauran duk 'ya'yansa ne. Na shiga bin rahoton baya-baya.

Sai ga ni a cikin na'urar, ina hawan rahoton kamar tsani. Kiraye-kirayen gari na zazzaune a kan benci kamar majinyata, kowanne ya rungume maganarsa. A can ƙoli na tarar da rubutun farko: "Layi na tara: kira ɗaya yana jira, ba a ɗauka ba. Shekara huɗu. Sauran sun yi layi a bayansa."

Na duba lambar da ake kira, tawa ce. Na duba ta mai kiran. Lambar Baffa ce, mahaifina. Ranar da zai rasu ya kira ni ina kan falwaya, ban ɗauka ba, na ce a raina zan kira shi in na sauko. Kafin magariba aka aiko mini ya cika.

"Danna jan maɓalli ka goge shi," zabuwar ta ce daga ƙasa. "Hanya ta buɗe."

"In na goge, ina zai tafi?"

"Babu inda."

"Injiniya, don Allah!" Muryar Malam Tasi'u ce.

Akwai waya rataye a gefe. Na ɗauka.

"Salamu alaikum... Baffa?"

"Lawandi? To madalla, na san za ka ɗauka." Muryarsa ras, har da 'yar tarin nan tasa. "Ba wani abu ba ne. Na ji an ce kana hawa falwaya ba ka ɗaura igiya. Ka daina."

Fitilu suka koma kore. Kiraye-kirayen suka miƙe suka wuce ni a guje. A ƙasa na ji Malam Tasi'u yana cewa, "Inna ungozoma, ke ce? Ki taho!"

"Baffa, ka yafe mini," na ce. "Baffa, kana jina?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi. Na farka a zaune, hannuna a kunne, babu komai a cikinsa.