Kyaftin Murdo da Butar Shayi

A Ardlinnie, wani ƙaramin gari na bakin teku, in an naɗa mutum kyaftin na kulob ɗin golf, ba jawabi ake jira daga wurinsa ba, bugu ake jira. Asabar ta farko a watan Afrilu zai tsaya a gaban ɗakin kulob, garin duka a bayansa, ya ɗora ƙwallo a kan tsinke ya buga ta sau ɗaya. Babu na gwaji, babu a sake. A gabansa kuwa akwai ƙorama, wadda ko 'yan makaranta suna tsallakar da ƙwallo a kanta ran da babu mai kallo.

Hector Baikie bai tsallakar ba a shekarar da aka naɗa shi kyaftin. Ƙwallonsa ta yi tsalle biyu a ciyawa ta faɗa ruwa tsundum, agwagi suka watse, kuma tun daga ranar ba a sake kiransa Hector ba. Agwagwa yake a coci, Agwagwa yake a kantin burodi, jikokinsa ma a makaranta jikokin Agwagwa ne. Mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa garin wutar lantarki, amma mai kai wasiƙa kan yi ɗan tunani kafin ya tuno sunansa na ainihi.

Murdo Geddes ya fi kowa sanin wannan, domin daga bakinsa sunan ya fito. Tsohon injiniyan jirgin fito ne, mutumin kirki in ka ga yadda yake da matarsa da karnukan maƙwabta, amma Allah ya ba shi harshe mai kaifi kuma bai taɓa barinsa ya yi tsatsa ba. Rabin laƙabin da ke yawo a garin aikinsa ne. To, bana shi aka zaɓa kyaftin, kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutane da yawa sun daɗe suna jiran wannan Asabar.

Da bara ne, da ko a jikinsa. Sai dai a cikin hunturu ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidansa ya karya wuyan hannu, kuma tun da aka kwance masa ɗaurin, hannun ya daina jin magana. Sandarsa ta bugun nesa irin ta da ce, mai kan katako, bai fi dunƙulen hannu ba. Irin wannan sanda ba ta san uzuri ba: ka sari ƙwallo a tsakiyar fuskarta ta kai maka ita inda ido ba ya gani, ka kuskure da faɗin farce ta kunyata ka. Murdo kuwa yanzu kuskure yake yi da faɗin yatsa biyu. A cikin watan Maris ya ciyar da ƙoramar nan ƙwallaye har ya daina ƙirgawa.

Magani yana nan a jakar abokinsa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Dougal Strachan, mahaucin garin kafin ya bar wa 'yarsa shagon, ya daɗe da sayen sanda ta zamani mai ƙaton kan ƙarfe, fanko a ciki. Ran da ya fara fito da ita Murdo ya dube ta ya ce, "Dougal, wa ya soke maka butar shayi a bakin sanda?" Tun daga nan babu Asabar ɗin da ba ya tambayarsa ko ruwan ya tafasa. Dougal mutum ne mai sanyi, sai ya yi murmushi ya buga ƙwallonsa ta sauka a tsakiyar fili, ya mayar da butarsa jaka.

Wata safiya Murdo ya zauna gaban kununsa na alkama yana juya cokali, ya ce wa matarsa, "Ishbel, bayan nan nawa ya fara ciwo. Ina ganin mataimakina ne zai yi bugun."

"Bayanka lafiyarsa ƙalau," in ji Ishbel, ko ɗago kai ba ta yi daga burodin da take shafa wa man shanu ba. "Jiya na gan ka kana ɗaga buhun taki."

"Da muguwar rawa ai gara ƙin tashi."

"In ka ƙi tashi ma suna za su sa maka, kuma ya fi na Hector muni. Ka je ka sayi buta, tsoho."

"Ni? Bayan duk abin da na faɗa?"

"To ka ci abin da ka faɗa. Ba a taɓa kai kowa asibiti don ya haɗiye maganarsa ba."

Murdo ya ture kwanon kunun gefe. Amma ranar Talata ya tuƙa mota zuwa birni, ya wuce shagon kayan wasa na kusa inda za a iya ganinsa, ya shiga wani a can bayan tashar jirgin ƙasa. Ya gaya wa mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi, cewa wa ƙanin matarsa yake nema.

"Ƙanin matar taka tsawonka ne?" ta tambaya.

"Kusan haka."

"Shi ma hannun hagu ya karya?"

Murdo ya dubi silin. Matar ta miƙo masa sanda mai baƙin kai yana ƙyalli, ta ce wannan tana da yafiya, ko a gefe aka sari ƙwallo ba ta riƙe mutum a zuci. Ta ɗora masa da ƙunshin dogayen tsinkaye. "Ka gaya masa kada ya yi amfani da gajeru irin na sandar katako. Kan nan tsayi gare shi. In ƙwallo ta zauna ƙasa, kanta kawai zai shafa."

Ya ɓoye sandar a bayan mota ƙarƙashin wani tsohon bargo. Kullum da safe in ruwan teku ya janye, sai ya gangara bakin rairayi can bayan duwatsu, inda yake ganin babu mai zuwa sai tsuntsaye. Da yake shi Murdo ne, bugun farko da gajeren tsinkensa ya yi, don ya nuna wa matar shagon ba ta san komai ba. Ƙwallon ta gangara a rairayi kamar an ture ta da ƙafa. Ya duba hagu da dama, ya zaro dogo ya kafa.

Ƙwang. Ƙarar kamar an saki murfin tukunya a kan siminti. Ya ji a hannunsa cewa bai sare ta daidai ba, ya riga ya buɗe baki zai zagi kansa, sai ya ga ƙwallon tana sama, tana tafiya, ta ƙi saukowa. Ya buga wata, ita ma a karkace, ita ma ta tafi. Daɗi da haushi suka haɗu masa, domin abin da ya yi shekaru yana yi wa dariya ya fito gaskiya ne. Haka ya riƙa zuwa har ƙarshen wata, yana murna asirinsa a rufe. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙarar inji bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ina iskar teku ke kai wannan ƙwang ɗin ba.

Asabar ta zo da rana da iska mai sanyi. Ishbel ta goge masa sabon wando, ta taya shi sa jan kwat ɗin kyaftin wanda kafaɗunsa suka yi masa yawa. Mai busa algaitar bikin ya shige gaba, shi yana biye, har bakin wurin bugu. Bisa al'ada kowane ɗan kulob yakan kafa 'yar tuta mai sunansa a inda yake zaton ƙwallon za ta tsaya, Murdo kuwa ya ɗaga ido ya dubi tutocin. Sun yi cincirindo a bakin ƙorama. Wani mara mutunci ma ya ɗaura tasa a jikin agwagwar roba ya sake ta a ruwa. Hector Baikie yana zaune a kujerar gaba da bargo a gwiwa, an kawo shi tun da wuri don kada ya rasa wuri.

Murdo ya cire kwat ya miƙa wa Ishbel. Ya sa hannu a jaka, ya taɓa tsohuwar sandarsa, ya bar ta. Ya zaro sabuwar ya zare mata hular ulu.

Dariya ta tashi har agwagin gaske suka ɗaga kai.

"Kyaftin, nawa da madara," in ji wani daga baya.

"A sa mini sukari biyu," in ji wata.

Ya haɗiye. Wannan ya san zai zo, kuma bashi ne da ya ci da bakinsa. Dariyar yini ɗaya ce in ƙwallo ta tsallake. Ya sa hannu a aljihu don ya ɗauko tsinke, ya ji aljihun fayau, sai santsin guga. Dogayen tsinkayen suna can gida a aljihun tsohon wandon da yake zuwa bakin teku da shi, rataye a bayan ƙofa. Ya durƙusa ya laluba aljihun jaka. Gajeru ne kawai, irin waɗanda ya yi shekaru yana tarawa.

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a daren da injin jirgi ya mutu musu a tsakiyar ruwa. Ya san abin da gajeren tsinke ke yi da wannan sanda, ya gani da idonsa. In kuma ya juya ya roƙi dogo a gaban jama'a, ya ba su labarin da za su ci har baɗi: kyaftin ya sayi buta bai san yadda ake ɗora ta ba. Ya riƙe gajeren tsinken a yatsunsa yana kallonsa, mai busa ya yi shiru, mutane suka fara gyaran murya.

Sai ga Dougal ya fito daga cikin taro da tafiyarsa ta mai nauyin jiki, ya miƙo hannu kamar mai yi masa fatan alheri. Da tafukansu suka haɗu, Murdo ya ji wani abu siriri mai tsawo a cikin nasa.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Murdo, karena ma ya sani. Matar fasto ta ɗauka ƙararrawar jirgi ce ta lalace."

"To me ya sa tutocin suke bakin ruwa?"

"Don su ga fuskarka. Kafa shi da tsayi, rabin ƙwallo ta leƙo saman kan. Kada ka yi sauri."

Sauri kuwa ya yi. Gaskiya ita ce bugun da Murdo Geddes ya yi a ranar yana cikin mafi muni da aka taɓa gani a wurin. Ya ja sandar baya kamar mai fizge igiya, hannun hagu ya noƙe a hanya, ƙafarsa ta dama ta zame, kuma Ishbel ta rantse daga baya cewa idonsa a rufe yake. Ƙarar ma ba ƙwang ɗin bakin teku ba ce, wata ƙwas ce mara daɗi. Sandar ta murɗa a hannunsa, ya ce a ransa shi ke nan, an gama da shi.

Ya buɗe ido yana neman fantsamar ruwa, bai gani ba. Ƙwallon tana sama, ƙasa-ƙasa dai, ta nufi dama wajen ƙayoyi kamar za ta shige su, sai ta yi tunani ta karkato hagu a hankali. Ta wuce ƙorama, ta wuce tutocin da agwagwar roba, ta faɗi a kan gajeriyar ciyawa, ta yi ta gangarawa har ta gaji ta tsaya. Ba wani nisa ta yi na a zo a gani ba. Amma a busasshiyar ƙasa take, fara tas a cikin kore, kowa yana ganinta.

Tafi ya ɓarke, mai busa ya kama. Murdo ya saki numfashin da yake riƙe da shi tun watan Maris. Wani sanyi ya sauko masa daga wuya har tafin ƙafa, idonsa ya kawo ruwa, ya bar iska ta ɗauki laifin. Zai je kantin burodi ranar Litinin a ce masa Murdo. Za a kira jikokinsa da sunan ubansu. Bai taɓa sanin abu kaɗan haka zai iya yi wa mutum daɗi ba.

Mutane suka yo kansa, masu son gaisawa da masu son ganin sandar. Dougal ya riga su, ya karɓe ta daga hannunsa ya juyo fuskarta. Su biyu suka gani tare: ɗan farin tabon da ƙwallo ta bari yana can a ƙarshen gefe, saura ƙiris sandar ta wuce ta ba ta taɓa ta ba. A fuskar tsohuwar sandar katako, wurin nan iska ce.

Dougal ya lashi babban yatsansa ya goge tabon.

"A ina ya sare ta?" sakataren kulob ya tambaya yana leƙowa.

"Tsakiya," in ji Dougal. "Daidai tsakiya. Ka san shi ai."

Murdo ya karɓi sandarsa ya mayar mata da hular ulu. Da suka juya za su hau matakalar ɗakin kulob, sai ya kama hannun Dougal da hannu biyu.

"Riƙe da kyau," in ji Dougal, garin duka yana bayansu. "Ba mai kallo."