Ƙafar da Za Ta Nuna Kabari

Duk garin Rusape an san Mbuya Svodai, wato Kaka Svodai, ba ta mantuwa. Ko akuyarka ce ta ci mata ganyen kabewa shekara goma baya, ranar na nan a ranta. Abu ɗaya ta so ta manta ya ƙi, shi ne yaƙin daji. Ta shiga tana 'yar sha bakwai, ita da ƙanwarta Runako, ta dawo ita kaɗai. Tun daga nan in aka buga ƙofar mota da ƙarfi sai dai ka tsince ta kwance a ƙasa, ɗaki kuwa ba ta zama cikinsa a rufe.

Abin da ya ɗan ɗaure mata rai shi ne taron Sista Nyarai, wata nas da ke tara tsofaffin 'yan yaƙi a zauren coci duk Talata da Juma'a. Su goma sha ɗaya ne. A ɗaga sanda, a yi tashi-zauna a benci, a taka ƙafa da waƙa, a yi ta tsiya.

"Mbuya," in ji Sekuru Marufu, wato Dattijo Marufu, mai ido ɗaya, "gwiwar nan taki ta fi ƙofar bayan gida kuka."

"Gara tawa tana kuka. Taka ai ta mutu, jana'iza ce ba a yi ba."

To, ana nan sai wata Talata wata yarinya ta kawo kakanta, wani tsoho yana jan ƙafar hagu, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Aka ce sunansa Sekuru Gwaze. Sunan bai gaya wa Svodai komai ba, don a daji kowa da sunan yaƙinsa, na gida ba a faɗa. Sai da Sista ta ce baƙo ya ƙirga musu. Ya ce ɗaya, ya ƙyasta harshe. Biyu, ya ƙyasta harshe. Sanda ta faɗi daga hannun Svodai.

Haka wani mai sunan yaƙi Nyundo yake ƙirga bulala a sansaninsu da ke ƙetaren iyaka. Shi ya ga agogo a hannun Runako ya ce 'yar leƙen asiri ce, alhali agogon na ubansu ne. Bulala talatin, sannan rami. Kwana tara tana ciki. Ranar da aka fito da gawar shi ya tafi da ita daji, bai nuna wa kowa wurin ba. Uwarsu ta mutu tana jiran a dawo da kurwar 'yarta gida yadda ake wa kowane mamaci, babu kabarin da za a je a kira ta.

Svodai ta ɗauki jakarta ta fice. Sati biyu ba ta leƙa ba. Wato ya cinye mata ƙanwa, yanzu kuma zai cinye mata Talata da Juma'a? Ina!

Ta zauna ta auna abin. Akwai motsin da ake yi bibbiyu: ɗaya ya rufe ido ya tsaya da ƙafa ɗaya, ɗayan ya riƙe shi har a ƙirga ashirin. Daɓen zauren siminti ne. Tsoho irin wannan in ƙugu ya karye, ba ya sake tashi. Wa zai zargi tsohuwa don hannunta ya suɓuce?

Ranar Juma'a ta dawo da sabon ɗankwali.

"Ah, ashe ba ki mutu ba?" in ji Marufu. "Har na fara shirin gadon kajinki."

"Ka ci gaba da shiri. Sista, yau ni zan riƙe baƙo."

Gwaze ya ɗora hannuwa a kafaɗunta, ya rufe ido, ya ɗaga ƙafar dama. Duk nauyinsa ya koma kan matacciyar ƙafar da kuma kanta. Sista ta fara ƙirga. A na shida Svodai ta kai baki kunnensa.

"Nyundo. Ni ce yayar mai agogo."

Bai buɗe ido ba. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Sake ni, uwata. Don Allah sake ni. Na gaji."

Yatsunta har sun fara saki. Sai ta ga abin da zai biyo baya tar kamar rana: a kwashe shi asibiti, su Marufu su bi shi da lemo da ayaba, ya mutu a lulluɓe shi da tuta, a yi masa jawabin jarumi. Ya kwanta a kabari mai suna, sirrin wurin da ya jefa Runako kuma ya tafi da shi a cikinsa. Ashe kyauta za ta yi masa! Ta damƙe damatsansa har farcenta ya shige.

"Tsaya daidai, ɗan banza. Ba ka faɗuwa sai na ce."

Ta riƙe shi har ashirin.

Da aka gama aka zauna a da'ira aka kawo kunun maheu a kofi ɗaya, ana miƙawa hannu zuwa hannu kamar yadda suke yi a daji. Dokar kofin kowa ya san ta: ba ka sha bayan wanda jini ke tsakaninku. Gwaze ya kurɓa ya miƙo mata. Ta harɗe hannuwa.

"Mbuya, lafiya?" in ji Sista.

"Ke yarinya ce, yi shiru. Marufu, kai ka zauna a sansanin can. Wa ke ƙyasta harshe in yana ƙirga?"

Marufu ya juyo da idonsa ɗaya ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya tashi da bencinsa ya ja baya. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka ja nasu. Aka bar Gwaze a tsakiya da kofi a hannu, maheu na zuba a wandonsa.

"Umarni aka ba ni," in ji shi. "Lokacin ne haka."

"Ban tambaye ka lokaci ba. Ina ka kai ta?"

"Gindin wani dutse, bayan rafi. Daga inda mota ke tsayawa tafiyar yini ce a ƙasa. Kin ga ƙafata."

"Na gan ta."

"A kore shi kawai!" wani ya faɗa daga baya.

"Wa ya aike ka? Babu mai korar min shi." Svodai ta miƙe, gwiwarta na ƙara. "Duk Talata da Juma'a zai zo, in bai zo ba ni zan je in ɗauko shi. Ni zan riƙe shi. Ba mai sha bayansa, ba mai dariya da shi. Ranar da ƙafar nan ta iya tafiyar yini, mu hau mota, ya kai ni, ya tona da hannunsa. In na kawo Runako gida, to, ya mutu in ya ga dama."

Ta juya ga Sista Nyarai, wadda ta yi tsaye baki sake.

"Ke kuma me kike jira? Ƙaro masa tashi-zauna goma. Ina da aiki da ƙafar nan."