Kujera Biyu Zuwa Mokpo

Pyo Geum-suk ba ta gama ɗaga ƙofar shagonta ba wani tsoho ya kutso kai ta ƙarƙashi, rungume da kwamfutar tafi-da-gidanka da ya naɗe a ƙyallen siliki kamar kayan gaisuwar surukai.

"Haba Baba, bari in kunna fitila mana. Shagon ba guduwa zai yi ba."

"Kujerun jirgi ne ke guduwa, mai shago. Ƙarfe tara aka buɗe, yanzu tara da kwata."

Nan take ta gane. Yau ce ranar da ake sayar wa tsofaffi tikitin jirgin ƙasa na hutun Chuseok, bikin kakar Koriya, ta intanet, kafin a buɗe wa kowa da kowa. Wanda bai kama kujerar kudu ba kafin rana ta take, sai dai ya ci bikin kaka a Seoul.

Tsohon ya ce sunansa Eom Chil-seong, tsohon direban tasi ne, kujera biyu yake nema zuwa Mokpo, can kudu. Geum-suk ta kunna kwamfutar tana kurɓar shayin sha'ir. Shekara ashirin da biyu tana gyara a hawa na uku na kasuwar kayan lantarki ta Yongsan, mace ɗaya tilo a layin, kuma ba ta taɓa mayar wa mai kaya kayansa ta ce ya fi ƙarfinta ba. Ba ta ɓoye wa kowa wannan.

Tana buɗe burauza, sai ga tallan maganin sanƙo. Ta rubuta adireshin jirgin ƙasa, aka jefa ta shafin kujerun tausa. Ta sake, aka sake jefa ta. Wasu tagogi uku suka faso, kowacce na rantsuwa cewa kwamfutar na cikin haɗari.

"An sace mata linzami, duk inda ka nufa sai a juya ka. Baba, me ka danna?"

"Ni? Ban danna komai ba sai abin da aka ce in danna. An ce manhajar tsaro ce."

"Guda nawa?"

"Duk wadda ta ce tsaro."

Ba ta ga laifinsa ba. A garin nan banki ba ya barin mutum ya leƙa asusunsa sai ya saka manhajar tsaro huɗu, ofisoshin gwamnati su ƙara masa uku, har mutane suka saba danna "na yarda" kamar yadda ake rusuna wa babba, ba tambaya. Ɓarayin ma a garin suka girma, sun san haka sarai.

"Minti goma," in ji ta. "In share burauzar da duk abin da ke cikinta, in saka sabuwa fes."

Tsohon ya kifa tafinsa a kan madannan.

"Kada ki share. Kalmar sirrin na ciki."

"To ka sake rubutawa mana."

"Ban san ta ba. Matata ce ta yi rajistar, ita ke sayen tikiti duk shekara. Ta rubuta sau ɗaya, kwamfutar ta riƙe. Lambar wayar da ta bayar ma ta mutu tuni." Ya dubi fuskar kwamfutar. "Sun-rye ba ta tuna komai yanzu. Shekara biyu ke nan. Ni ma malam direba take ce mini. Kullum da safe sai ta ɗauki jakarta ta ce, malam direba, kai ni Mokpo, zan cire ciyawa a kabarin innata. Likita ya hana ni tuƙi, ita kuma ya ce bana ce ta ƙarshe da jikinta zai ɗauki tafiya."

Geum-suk ta ajiye kofin. Tausayi ya kama ta, ita kuwa in tausayi ya kama ta faɗa take yi.

"Shi ne ka tsaya kana ba ni labarin kujera? Cire hannunka, Baba. Zauna can."

Ta katse intanet ɗin, ta buɗe jerin manhajojin da ke ciki. Goma sha tara masu sunan tsaro. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba wanda ya ƙera da ranar da aka saka. Na banki ta san su kamar 'ya'yan maƙwabta, ta ƙyale su. Shida ne baƙi, duk ranar Laraba ɗaya suka shigo, ta tsige su. Ta shiga cikin burauzar ta cire wani ɗan maƙale mai hoton garkuwa, ta mayar da shafin farko yadda yake. Hatta alamar da ake dannawa a buɗe burauzar an liƙa mata adireshin masu maganin sanƙo a wutsiya, ta yanke shi.

Gu, maƙwabcinta mai sayar da wayoyin caji, ya leƙo yana cin kimbap, naɗaɗɗiyar shinkafa.

"Yaya, kina tsince tsakuwa a shinkafa? Yi mata fomatin, ki goge komai ki huta."

"In na tashi yi wa wani fomatin da kai zan fara. Matsa, kana tare mini haske."

Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta mayar da intanet, ta juya fuskar wajen tsohon tana murmushin wadda ta gama aiki. Ta danna. Maganin sanƙo ya dawo, har da kiɗa.

Gu ya tuntsire da dariya. Agogon bango ya ce goma saura biyar.

"Yauwa," in ji Geum-suk. "Ashe ya bar ɗan aike a gidan."

Abin da ya dawo da kansa, wani ne ke kiransa. Ta buɗe wurin da kwamfuta ke ajiye ayyukan da take yi da kanta kan lokaci, ta bi layi-layi da farcenta. Ga shi nan, ya ari sunan manhajar sabunta sauti, an umarce shi duk kunnawa ya sake ɗauko abokansa. Ta goge umarnin, ta bi sawunsa har jakar da ya ɓuya ta goge ta, ta sake cire ɗan garkuwar. Ta kashe, ta kunna.

Shafin jirgin ƙasa ya buɗe, na gaskiya, da sunan Sun-rye a akwatin sama da ɗige-ɗige baƙaƙe a na ƙasa. Ta danna shiga, aka karɓa. Mutum dubu shida da ɗari huɗu ne a gabansu a layi.

Su uku suka zuba wa lambar ido tana raguwa, Gu ma ya manta da kimbap ɗinsa. Da layi ya zo kansu jirage masu gudu duk sun cika. Saura mai tsayawa tasha-tasha, na ƙarfe ɗaya, kujera biyu a jere a tarago na huɗu.

"Wannan ma ya fi," in ji tsohon. "Tana son kallon gonaki. Ba ta ta taga."

Wajen biya wata taga ta fito tana neman a saka manhajar tsaro. Yatsansa ya ɗaga da kansa, ya tsaya a iska, ya dubi Geum-suk.

"Wannan ta gaske ce. Danna."

Tikiti ya fito. Ta buga masa a takarda, sannan ta ce, "Saura abu ɗaya. Kwamfutar nan ta tsufa, ran da ta mutu kalmar ta tafi. Bari in rubuta maka ita."

Ta buɗe ma'ajiyar kalmomin sirri, ɗige-ɗigen suka koma rubutu. Baƙaƙen Turanci ne barkatai, irin na wanda ya buga maganar Koriya bai juya madannan ba, don haka ta bi su maɓalli-maɓalli tana mayar da su baƙaƙen Koriya. Sai ta yi dariya ba shiri.

"Me ta rubuta?"

"Bijimina mai taurin kai. Sai saba'in da huɗu."

Tsohon ya cire hularsa, ya mayar.

"Shekarar aurenmu ce. Tun ranar take kirana haka. In na ƙi shan magani, in na ƙi tambayar hanya." Ya goge hanci da bayan hannu. "Shekara biyu ban ji ba."

Geum-suk ta rubuta kalmar a takarda ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Sake karantawa, 'yar nan. Ba haka ba. Da ƙarfi, kamar mai faɗa."

Faɗa kuwa ba a koya mata shi. Ta kama ƙugu, ta ɗaga murya har masu shagunan ƙarshen layi suka waiwayo.

"Kai, bijimina mai taurin kai!"

Tsohon ya gyara tsayuwa.

"Na'am," in ji shi.