Rabon Faifan Baba

Karo na uku ke nan tana kashe kwamfutar tana sake kunnawa, kuma kowane karo jerin na fitowa daidai: layi uku farare a kan baƙin allo, kowanne sunan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Na sama sabuwar Windo ta Yaya, na tsakiya Linuks ta Auta, na ƙasa tsohuwar Windo ta Baba. Ta shiga kowacce, kowacce ta tashi lafiya lau. Tun ƙarfe takwas na safe take kan aikin nan, ko ruwa babu wanda ya miƙo mata.

Injiniya ake kiranta a gida, kuma ba don girmamawa ba. 'Yan'uwanta maza biyu ne suka laƙaba mata sunan tun tana 'yar shekara goma sha biyu, lokacin da take wuni a gefen Baba a wannan shago na buga kati da allunan talla, su kuwa suna filin ƙwallo. Da Baba ya rasu wata bakwai da suka wuce, shago ya zama na maza. Ita ai tana da aikinta na gyaran kwamfuta a wani ofishi, in ji su, me za ta yi da shago?

Sai dai kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya ce tal a shagon, kuma magadan nan biyu ko gaisuwar kirki ba sa yi. Yaya ya ce sai sabuwar Windo, Auta ya ce shi Linuks ya iya. Kowa ya rantse zai goge komai ya saka tasa. Saura ƙiris su raba ta da guduma, sai Mama ta tuna tana da 'ya.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Faifan ajiya kamar fili yake, sai an ja katanga kowa ya san iyakarsa. Ta matse kason Baba zuwa giga ɗari biyu cikin dubun da faifan ke ɗauka, ba tare da ta taɓa ko fayil ɗaya ba, ta raba sauran ɗari takwas gida biyu. Ta saka Windon Yaya tukuna, Linuks ta Auta a ƙarshe, domin ita ce ke iya gane sauran ta jera su a zaɓa. In aka juya tsarin, ta ƙarshe sai ta ɓoye 'yan'uwanta kamar ba su taɓa zama ba.

Kason Baba shi ne dalilin zuwanta. A ciki akwai haruffan da ya zana da hannunsa tsawon shekara goma sha tara, harafi bayan harafi, ita tana ɗauka a na'ura tana gyara gefe. Akwai wanda sai da ya sake wutsiyarsa sau goma sha ɗaya, har ta yi fushi ta ce ta gaji. Wata tsohuwar manhaja ce kaɗai ke buɗe su, wadda masu ita suka daɗe da rufe kamfani, kuma ba ta tashi sai a kan tsohuwar Windon nan. In kason nan ya tafi, rubutun Baba ya tafi.

"Ku zo ku gani," ta ce.

Yaya ya taso daga bakin ƙofa yana goge hannu a wando. Auta ya cire abin jin waƙa na kunnensa guda ɗaya, ya bar ɗayan. Mama na zaune kan kujerar masu jiran aiki, jaka a cinya, kamar wadda ta zo asibiti.

"Da kun kunna, wannan jerin zai fito. Kowa ya sauko da kibiya kan tasa, ya danna. Ba mai ganin kayan wani, ba mai taɓa kayan wani."

Yaya ya sunkuyo ya ƙura wa allon ido. "Nawa aka ba ni?"

"Ɗari huɗu."

"Shi fa?"

"Ɗari huɗu."

"Kai! Ni da wannan yaron daidai wa daida? Ni da nake buga manyan alluna?"

"Wa ye yaron?" in ji Auta. "Wallahi aka ƙara maka ko giga ɗaya, sai an ƙara mini."

Yaya ya ɗora yatsa kan layi na uku, har ya bar maiƙo a gilashin. "To wannan na ƙasan fa, uban me yake yi a nan?"

"Na Baba ne, Yaya."

"Na sani. Nawa ya ci?"

"Ɗari biyu."

'Yan'uwan suka dubi juna. Wata bakwai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, yau ga shi sun haɗu cikin ƙiftawar ido.

"Ɗari-ɗari ke nan," Auta ya ce.

Injiniya ta juyo ta dube su. "Haruffan Baba ne a ciki. Babu su a ko'ina sai nan. Ba sa tare wa kowa hanya, ko kallonsu ba sai kun yi ba."

"Wa ke neman wannan tsohon yayi yanzu?" Yaya ya ce. "Tun da ya rasu mutum nawa suka tambaya?"

"To ku ba ni zuwa gobe. In zo da wani faifan in kwafe kason gaba ɗaya, sannan ku goge."

Yaya ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Oho! Ashe nan aka nufa. Ki kwashe zanen kwastomominmu da lambobinsu, jibi mu ji Injiniya ta buɗe nata shagon a bayan layi."

"Ni, Yaya?"

"Kayan shago ba ya fita daga shago," Auta ya ce, yana duba wayarsa. "Wannan kam gaskiyar Yaya ce."

Ba za su ajiye ba, don ba shi da amfani. Ba za su ba ta ba, don yana da amfani. Ta juya wajen mahaifiyarta.

"Mama, ki sa baki. Aikin Baba ne, na hannunsa..."

"Ke, dakata." Mama ta ɗaga hannu, idanunta sun yi ja don gajiya. "Wata bakwai ban yi barcin kirki ba saboda yaran nan. Yau na ga sun yarda da abu ɗaya, ke kuma za ki kawo wata? Babanku ya riga ya tafi, waɗannan su ne a gabana. Goge musu, 'yar nan, a zauna lafiya."

"Mama, ba ki gane abin da..."

"Na gane. Ke ce mai hankalin cikinsu, ke za ki yi haƙuri."

Haka ake gaya mata tun tana ƙarama. Mai hankali ita ce ke sauka daga kujerar gaba, ita ce ke barin babban kaso, kuma ba a taɓa yi mata godiya ba, don ai halinta ne.

Ta juya ga allon. Ta buɗe manhajar rabon faifai, ga kason Baba can gefen hagu, ɗan shuɗin akwati. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata. A duk shagon nan na'urar ce kaɗai ta tambaye ta. Ta danna.

Ko daƙiƙa biyar bai ɗauka ba.

Sauran aikin ya ci kusan awa biyu, domin sai da ta tura katangu ta gyara jerin. Kafin ta rufe, ta duba abin da kowannensu ya zuba a kasonsa na ɗari biyar. Yaya talatin da ɗaya. Auta goma sha biyu.

Ta sake kunnawa. Layi biyu suka fito.

"Me ya sa tasa ce a sama?" Auta ya tambaya.

"Don ni ne babba," in ji Yaya.

Ta zare filashinta, ta naɗe wayoyinta ta cusa a jaka. Mama ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, fuskarta ta ɗan saki, ta biyo ta har waje. A bakin titi ta tsaya, ta ɗaga kai tana kallon allon da ke saman ƙofar shagon. Rana ta cinye fentin, rabin sunan ya koɗe.

"Yauwa, kafin ki tafi," Mama ta ce. "Kin ga allon nan ya mutu. Ki fitar musu da sabo, amma da rubutun babanku, mai lanƙwasar nan. Duk sanda na wuce na gan shi, sai in ji kamar yana ciki a zaune."

Injiniya ta dubi mahaifiyarta.

"Shi ne na goge ɗazu, Mama."

"A'a, ni ba rubutun na ce ba. Tarkacen cikin kwamfutar na ce."

"A cikin tarkacen yake."

Mama ta waiwaya cikin shagon, inda 'ya'yanta maza ke tsaye kan kwamfutar, kowa na ture hannun ɗan'uwansa daga kibiya.

"Ba a iya dawo da shi?" ta tambaya a hankali.

"Na riga na raba musu wurin," Injiniya ta ce, ta ɗaga wa motar haya hannu.